Yadda Auta Ya Koyi Cewa A'a

Na yi aikin tafinta a kotu har gashin kaina ya yi fari, saboda haka idan na ce na san inda magana take karyewa tsakanin harshe da harshe, ba fariya nake yi ba. Duk da haka, al'amarin da zan ba da labarinsa a nan ba ni na warware shi ba. Wata malama ce, wadda ba ta girmi 'yata ta fari ba, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki.

Ɗan ƙanwata, wanda muke kira Auta ko da yake shi ma yanzu uban 'ya'ya ne, direba ne a wani ƙaramin asibiti. Ya daɗe yana jan motarsu ba a taɓa kama shi da laifi ba. Turancinsa na tsaka-tsaki ne: yana karanta allon hanya da takardun mota, yana fahimtar labaran rediyo, yana iya gaisuwa da tambayar hanya. Da aka kawo sabuwar likita daga wata ƙasa mai nisa, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, shi aka ɗora wa kai ta ƙauyukan da ake yi wa jarirai allura. Don kada ya ji kunya a gabanta, sai ya shiga ajin koyon hira da Turanci da ake yi da yamma.

Wata rana ya zo gidana, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi hawa kujera.

"Kawu, aikina na shirin barina," in ji shi. "Likita ta ce zuwa ƙarshen wata za ta yanke shawara. Wai ba za ta iya shiga mota da mutumin da yake duban idonta yana yi mata ƙarya ba."

"Ka yi mata?"

"Wallahi, Kawu, ko sau ɗaya."

Na san yaron tun yana goye. Yana da mantuwa, yana da gardamar ƙwallo, amma ƙarya ba halinsa ba ce. Ya bayyana mini cewa sun yi tafiya mai nisa, iyaye mata sun taru da jarirai a rana, aka buɗe bayan mota babu akwatin sanyi da ake zuba allurai. Shi ya rantse ya gaya wa Likita tun kafin su tashi cewa akwatin ba ya ciki. Ita kuma ta dage cewa da bakinsa ya ce mata yana ciki.

A yadda muka gada, idan ma'aikaci ya sami saɓani da na gaba da shi, babba ne yake shiga tsakani. Amma kafin in sa babbar riga in nufi asibiti, na ce zan fara ganin wanda yake koya masa Turancin da ya jefa shi cikin wannan hali. Da niyyar kama mai laifi na hau matakalar shagon nan.

Ɗakin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, ƙarar kekunan ɗinki tana tasowa daga ƙasa. An jera kujerun roba a zagaye, allo kuwa yana jingine da bango babu ko ɗigo a jikinsa. Wannan ya ba ni mamaki, domin a zamaninmu da nahawu ake farawa, ana rubutawa ana haddacewa, kuma ba ka buɗe baki sai ka tabbata jimlarka ta tsaya da ƙafarta. A nan kuwa na tarar da wani mai walda riƙe da takalmi yana ƙoƙarin mayar da shi kanti da Turanci, matar da take da shagon ƙasa, wadda kowa ke kira Mai Ɗinki, tana matsayin mai kanti tana ƙin karɓa. Turancin nasu yana ɗingishi, amma yana tafiya. Malama tana tsaye a gefe, gajeruwa, ta karkatar da kai tana sauraro. Na lura ba ta katse mutum a tsakiyar magana. Sai ya kai aya, sannan ta ɗauki abu guda ta gyara, ta bar sauran.

Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni kujerarta. Da Auta ya fara ba ta labari, sai ta ɗaga hannu.

"Ba labari nake so ba. Maimaita mini abin. Wannan kujera ita ce motarka, ni ce Likita. Na fito da jakata. Me na ce maka? Da Turancin da ta faɗa, yadda kunnenka ya ji."

Auta ya runtse ido. Ya ce ta leƙa motar ne ta tambaye shi ko akwatin ba ya ciki: "The box is not in the car?"

"Kai kuma ka ce?"

"Na ce yes."

"To ai gaskiya ya faɗa!" in ji Mai Ɗinki. "Ba ya ciki? E, ba ya ciki. Ina ƙaryar take a nan?"

"Da kuka isa fa, ta ga babu?" in ji Malama.

"Ta nuna mini matan nan da jarirai, ranta a ɓace. Ta ce, ba ka damu da yaran nan ba ke nan? Ni kuwa na ce no, no, Likita, no! Yaya za a ce ban damu ba, ni ma ina da na goye a gida? Tun daga nan ba ta sake yi mini magana ba har muka dawo."

Malama ta dubi ajin. "Duk wanda ya ga Auta ya amsa daidai, ya ɗaga hannu."

Hannu ya tashi ta ko'ina.

"To, dukkanku Likita za ta sallama."

Ni dai tun daga amsar farko na gane inda matsalar take, kuma na nemi izini na faɗa. Na ba su misalin wata shari'a da aka yi ina sabon shiga aiki. An zargi wani manomi da sare itacen maƙwabcinsa. Lauya ya tambaye shi ko ba shi ya sare ba, aka juya masa tambayar, ya ce e, yana nufin e, ba shi ba ne. Tafintan ranar ya ɗauki e ɗin nan tsirara ya miƙa wa alƙali da Turanci, alƙali ya fara rubuta cewa mutumin ya amsa laifinsa. Sai da babban tafinta ya miƙe ya tsayar da alƙalami. Tun daga ranar ya kafa mana ƙa'ida: tafinta ba ya kai e ko a'a ita kaɗai, sai ya haɗa da jimlarta. Na ƙare da cewa abin da ya dace shi ne in bi Auta ranar ganawar yanke shawara, in tsaya tsakaninsa da Likita kamar yadda aka saba.

Malama ta saurare ni har ƙarshe, abin da ba kowane matashi ke iyawa ba.

"Baba, ka rage mana rabin aiki, Allah Ya saka," in ji ta. "Kuma na san idan ka je za ka fitar da shi. Amma washegari fa? Suna kan hanya, ta juyo ta tambaye shi ko birkin nan ba ya ci. Kana motar?"

A kotu idan ƙarami ya kawo hujjar da ta fi taka, ana karɓa ne, ba a jayayya. Na karɓa.

Ta juya ga Auta. "Mu idan aka tambaye mu, mutumin muke amsa wa. E, ka faɗi daidai. A'a, ba haka ba ne. Su kuwa abin suke amsa wa. Ka manta da Likita, ka dubi akwatin. Yana mota, yes. Ba ya mota, no. Ko ta wace fuska ta juyo maka tambayar, akwatin dai za ka duba."

"Malama, in dubi shugabata in ce mata no, alhali gaskiya ta faɗa?" in ji Auta. "Bakina ba zai iya ba. Kamar ina ƙaryata ta ne."

"Ji shi, mai kunya," in ji Mai Ɗinki. "Ranar da ta tambaye ka ko ba ka damu ba, ai jerawa ka yi ta yi mata kamar mai kiran awaki."

Ajin ya fashe da dariya, har shi Autan. Malama ta bari dariyar ta lafa, sannan ta shimfiɗa masa dabara. Ta hana shi furta yes ko no da farko. Ta ce ya fara da wutsiya: na yi, ban yi ba, yana ciki, ba ya ciki. Idan wutsiyar ta fito, sai ya ga irin kan da ya dace da ita ya ɗora. Ta ce kuma duk sanda ya ji tambaya mai "ba" a cikinta, ya sa hannu a aljihu ya taɓa makullin mota kafin ya buɗe baki, domin abin da yake kayar da shi sauri ne, ba rashin sani ba. Daga nan ta sake shi a hannun 'yan ajin, ta ce duk inda suka gan shi su jefa masa tambaya.

Ba su yi masa da sauƙi ba. Washegari yana wucewa ta gaban shago, Mai Ɗinki ta leƙo ta ɗaga murya da Turanci tana tambayarsa ko bai yi wanka ba yau. Auta, wanda ya fito fes da shi, ya harzuƙa ya ce, "No!"

"Kun ji ko?" in ji ta ga masu jiran ɗinki. "Da bakinsa. Ku matsa masa ya wuce."

Mai walda kan tare shi a bakin titi ya tambaye shi ko ba shi da hankali. Yana taɓa makulli, yana motsa leɓe, sannan ya amsa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yarda a bainar jama'a cewa ba shi da shi.

Ni ma na ci gaba da zuwa ajin, da farko don in sa ido, daga baya don na ga ana aiki. A can na ga abin da ya ƙara mini girmanta. Bayan 'yan kwanaki Auta ya daina kuskure a cikin aji, kowa yana yaba masa, amma ita ba ta gamsu ba. Ta ja ni gefe.

"Baba, idan ana wasa yana ci. Idan aka ɗaga masa murya, Hausarsa ce take riga shi fita. Ni kuwa ba ya tsorona. Fuskarka nake son aro."

Haka na koma Likita. Na zauna a bayan tebur, na ɗaure fuska irin ta alƙalan da na yi aiki a ƙarƙashinsu, na riƙa jefa masa tambaya ta gaba da ta baya ba tare da na ba shi sarari ba. Ba ka duba taya ba? Ba a gaya maka ba? Ba ka ga matan ba? A ranar farko gumi ya jiƙa masa riga, ya rikice har ya amsa mini da Hausa, ya ƙara da "ranka ya daɗe". Malama ba ta tausaya masa ba, ba ta kuma tsawata masa ba. Takan ce, "Sake," shi ke nan. Idan ya dace ba ta tafa masa, sai ta gyaɗa kai ta ce in ƙara sauri.

Na shirya masa jawabin da zai buɗe ganawar da shi, da Turanci mai nauyi irin na gaban alƙali. Ta karɓa da hannu biyu, ta nemi in bar mata shi don masu koyon rubutu, amma ta ce Auta da bakinsa zai je.

"Matar nan tana ganin yana yi mata ƙarya. Idan ya zo mata da Turancin da ba nasa ba, ya ƙara mata hujja. Gara ya yi tuntuɓe ta ji muryarsa."

Sai ta sa shi ya yi ta bayyana abin da kalmominsa, tana gyara inda ma'ana ta kauce kawai, tana barin inda ya yi ɗingishi.

Ranar ganawa ita ba ta zo ba. Ta ce hirar tasa ce, ita kuma tana da aji. Ni na raka shi, bisa sharaɗin cewa a waje zan zauna. Na sami benci a baranda, kusa da wata mata mai jijjiga jariri, warin maganin goge ƙasa ya cika wurin. Fankar ofishin Likita ta lalace, saboda haka an bar ƙofa a buɗe kaɗan, kuma kunnen tafinta ba ya yin ritaya.

Likita ba ta ce ya zauna ba. Ta fara da ranar akwatin. Ta tambaye shi, da murya mai sanyi, ko akwatin ba ya cikin mota sanda suka tashi. Na ji ƙarar makulli a aljihu.

"No, it wasn't," in ji Auta. Ba ya ciki.

Ta tambaye shi ko bai san iyaye suna jira ba. Ya ɗan jinkirta, sannan ya ce yes, ya sani. Har nan tambayoyin duk irin waɗanda muka sha yi ne. Sai ta ɗaga murya, ta jefo wadda ba tambaya ba ce, zargi ne: ka san ba ya ciki, kuma ba ka gaya mini ba.

Na san abin da yake faruwa a ƙirjin Auta. Hausarsa tana tura shi ya ce a'a, ba haka ba ne, wanda a kunnenta zai zama amsa laifi. Turancin kuwa yana bukatar ya musa wa shugabarsa da kalmar da shi ya sani ta yarda ce. Na kama sandata na riƙe, don kada ƙafata ta kai ni ciki.

"Yes, I did," in ji shi. Na gaya miki.

Sannan ya ci gaba da Turancinsa mai tuntuɓe. Ya ce mata a harshensa, idan mutum ya ce akwatin ba ya ciki kuma gaskiya ne, e ake ce masa. Ya ce yes ɗin da ya ba ta ranar, cewa yake ta faɗi daidai. Ya ce no ɗin da ya jera mata a ƙauye, cewa yake ta yi kuskure, ya damu, shi ma yana da jariri a gida. Ya ɓata jimla a wurare da dama, na ƙirga su a raina bisa sabo, amma babu inda ma'ana ta faɗi.

Sai na ji Likita ta tambaye shi wasu ranakun da suka taɓa samun irin wannan saɓani: ranar taya, da ranar da ta jira shi a bakin ƙofa, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mata abin da ta ce da abin da ya nufa. A ƙarshe ta ja numfashi. Ta ce duk da haka matan nan sun koma gida ba a yi wa 'ya'yansu allura ba, kuma wanda ya ga ana shirin tafiya babu akwati bai kamata ya tayar da mota ba, ko me aka amsa. Wannan hukunci ne na adalci, ban ga abin ɗaukaka ƙara a cikinsa ba. Auta ma ya karɓa. Ta ce daga yau, kafin ya murɗa makulli, zai buɗe bayan mota ya nuna mata akwatin da hannu. Sannan ta ce ya zo da wuri gobe, hanyar da nisa.

Da ya fito, ya wuce ni bai gan ni ba, sai da na kira shi.

Da yamma muka hau sama muka gaya wa Malama. Mai Ɗinki ta rangaɗa guɗa har masu keke a ƙasa suka tsaya. Malama ta ce, "Alhamdu lillahi. Ka yi ƙoƙari, Auta." Daga nan ta ce kowa ya ɗauki wayarsa, yau za a koyi yadda ake sallama da mutumin da ya ƙi ajiye waya. Na yi zaton za ta ɗan tsaya a yaba mata. Ba ta tsaya ba. Na ga alƙalai da lauyoyi masu yawa, kaɗan ne daga cikinsu suke cin shari'a su wuce ta gaba ba tare da sun waiwaya sun ga ko an gani ba.

Bayan mako kaɗan matar Auta ta zo gidana da ƙara. Ta gaishe ni, ta zauna a tabarma, ta gyara goyo.

"Kawu, ka yi wa ɗanka magana. Ni na kasa gane kansa."

"Me ya yi?"

"Jiya na ce masa, Baban yara, ba ka sayo gawayi ba? Ya sa hannu a aljihu, ya yi shiru kamar mai lissafi, ya ce a'a. Na ce to madalla, na ɗora tukunya, na aika a ɗauko a bayan ƙofa. Babu gawayi, Kawu. Na ce ba ka ce a'a ba? Wai a'a, bai sayo ba. Yara har suka yi barci abinci bai nuna ba."

Na yi nazari cikin duk shari'un da na halarta, ban sami makamanciyar wannan ba. Na gaya mata cewa ƙarar ta fi ƙarfin hurumina, amma akwai wata malama a saman shagon ɗinki, tana zama da yamma.